Rahoton ayyukan shekara zuwa ga ƴan ƙungiya

Assalamu alaikum manyanmu lauyoyi, da ƙannenmu ɗaliban shari'a na nan Damagaram.

Da kuɗin wata zan fara, don shi ya fi cin raina bana. A gabanku aka yanke jika ɗaya ga ɗalibi, jika biyar ga lauya, ba wanda ya ce ya yi yawa. Amma waɗanda suka biya har ƙarshen shekara ba su kai rabin sunayen da ke littafi ba. Akwai wanda na hau kabu-kabu daga Birni zuwa Zango sau uku ina nemansa, kullum amsa ɗaya: "Sakatare, bari wata ya mutu." Watanni sun yi ta mutuwa, ban ga ko dala ba. Ɗalibin da kuɗin karatunsa bai fito ba na yi masa uzuri. Wanda ke da ofis da mota fa?

Wannan ne ya kashe tafiyar da muka yi alkawari. Burinmu shi ne mu ɗauki nauyin ɗalibai biyu zuwa gasar shari'ar gwaji kan haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda Jami'ar Pretoria ke shiryawa, tunda ana karɓar Faransanci a ciki. Yaran sun yi wata biyu suna haddar Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981. Amma daga nan zuwa Yamai kawai kusan kilomita 900 ne, kafin a zo maganar fasfo, biza da tikitin jirgi. Abin da ke asusu ko rabin tikiti ɗaya bai kai ba. Masu cewa kwamiti ya yi sakaci, littafi yana nan, ku zo ku duba.

Ana yawan tambayata a WhatsApp me ya hana mu shiga ELSA, wata ƙungiyar ɗaliban shari'a. Ita an kafa ta ne a 1981 a birnin Biyana, kuma ta ɗaliban Turai ce. Wadda ƙofarta ke buɗe ga kowa ita ce ILSA, ƙungiyar ɗaliban shari'a ta duniya, mai shirya gasar shari'ar gwaji ta Jessup, sai dai da Ingilishi ake yin matakinta na duniya. Shi ya sa muka buɗe ajin Ingilishi ranar Asabar. Malamin ya zo kyauta, mako na uku ya tarar da mutum huɗu, ni kuma kunya ta hana ni sake kiransa. Ita kuwa AIJA ta matasan lauyoyi ce har zuwa shekara 45, kowa da kansa yake shiga, ba ƙungiya ke yi masa rajista ba. Kantar littattafan dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, ita ma ta tsaya: kafinta ya gama aiki, ba mu biya shi ba.

Tarukan wata an yi su, ban da na azumi.

Abin da ya wanke mana rai shi ne shari'ar gwajin da muka yi bayan babbar Sallah, kan ƙarar Hadijatou Mani da gwamnatin Nijar. Kun san labarin: an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240.000, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta yanke a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Yayyenmu suka ara mana baƙaƙen riguna. Wadda aka ba ƙanwarmu ƴar aji biyu ta yi mata tsawo har tana jan ƙasa, sai da aka kama ta da allura. Da ta miƙe muryarta na rawa, ta fara da Faransanci, ta kawo dokar 2003 da ta mai da bauta laifi a ƙasarmu. Can sai ta ajiye takarda, ta juya ga iyayen da ke baya, ta sake faɗar hujjarta da Hausa, ta kira al'adar wahaya, wato sayen mace a ajiye ta baiwa bayan mata huɗu na aure, da sunanta. Ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo da ya zo rakiyar jikarsa ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ce bai taɓa jin abin da ake faɗa a kotu da harshensa ba sai ranar.

Yaron da ya tsaya wa gwamnati ma bai yi wasa ba, ya dage a kan cewa ba a gama da kotunan cikin gida ba kafin a tafi waje. Daga nan muhawara ta ɓalle: tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, ina mai irin wannan ƙara zai nufa? Wata babbar yayarmu lauya ta yi kusan awa tana bambanta Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul da Kotun Afirka da ke Arusha, har aka kira magariba ba wanda ya tashi. Mutum shida ne suka ɗauko kujeru, suka share ɗaki, suka sayi ruwa daga aljihunsu. Allah ya saka musu. Da yawa cikin waɗanda suka fi watsa hotunan a Facebook ba mu gan su ranar aiki ba.

Riga biyu daga cikin na aro har yau ba su dawo ba, masu su kuma ni suke kira. Wanda ke riƙe da su ya kawo kafin babban taro. A ranar za a karanta sunayen masu bashi, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, kuma kuɗin farko da ya shigo na kafinta ne.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya