A Fitar Da Ɗalibai Bakin Kwalbati

Ranka ya daɗe Edita,

Darasin kariya daga bala'i ba ya kama ɗalibin jami'a a cikin aji kaɗai. Tun watan Afrilu, kafin damina ta kankama, a raba su rukuni-rukuni su bi magudanan Samaru har rafin Kubanni. Su auna faɗin kowane kwalbati da zurfin yashi da ledar da ta cushe shi. In rabinsa ya toshe, ruwan Agusta kan haye titi ya ci gindin katangar ƙasa har ta zube. Su haɗa da hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, su miƙa wa mai unguwa taswirar wuraren haɗari.



Malaman nazarin muhalli, Zariya