Rahoton Ayyukan Shekara: Waken Suya da Batun Haƙƙin Mallakar Iri

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi.

Bana ma mun gudanar da ayyukanmu na yau da kullum: sayen iri da taki a ƙungiyance, zagayen gonaki da damina, da sasanta farashi da 'yan kasuwa lokacin kaka. Alhamdu lillahi, waɗannan sun tafi lami lafiya.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne zaman nazari kan tambayar da dattawanmu suka yi ta maimaitawa: idan kamfani ya mallaki iri, yaushe zai dawo hannun manomi? Mun ɗauki waken suya na Amurka a matsayin misali. A 1996 kamfanin Monsanto ya fito da Roundup Ready, waken da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure feshin maganin ciyawa na gilifoset, ciyawa ta mutu shi ya tsira. An hana manomi ajiye iri daga girbinsa, kuma a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a shari'ar Vernon Bowman, wani manomi ɗan jihar Indiyana. A 2015 wa'adin haƙƙin mallakar ya cika.

To, a nan ne muka daɗe muna tattaunawa. Tun 2009 kamfanin ya riga ya sako Roundup Ready 2 Yield da sabon haƙƙin mallaka, daga baya aka kawo Xtend mai jure wani maganin ciyawar da ake kira dikamba, kamfanin Corteva kuma ya zo da nasa irin, Enlist E3. Kafin tsohon irin ya kuɓuta, ciyawa ta fara gagarar gilifoset a gonaki da yawa, darajarsa ta ragu. Ga kuma izinin shigar da waken ƙasashen da ke saye, irin su Sin da Tarayyar Turai, wanda dole a sami mai ɗawainiyar kula da shi. Abin da ya faranta mana rai shi ne Jami'ar Arkansas, wadda ta fitar da UA 5414RR, iri mai jure gilifoset da manomi zai shuka ya kuma ajiye na baɗi. Ra'ayin kwamiti shi ne, ba don masu binciken gwamnati ba, da ƙarewar wa'adin ba ta tsinana wa ƙaramin manomi abin kirki ba.

Wannan ya shafe mu. Nau'o'in waken suya na TGx da muke shukawa, na cibiyar binciken noma ta IITA, ba a sauya musu ƙwayoyin halitta ba, amma tun 2021 Najeriya tana da dokar kare haƙƙin masu samar da sababbin iri, kuma cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar da wake SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure tsutsa, a 2019. Ya kamata mu san sharuɗɗan kowane iri kafin mu zuba kuɗinmu.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu gayyaci masana su yi mana bayanin dokar 2021 da Hausa, musamman abin da ta ce kan ajiye iri. Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, don Allah su tuntuɓi ma'aji kafin babban taro.

Sakataren Ƙungiya