Takardar da ta ɗaure ɗan yayana shekara goma

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina karanta shafinku na wasanni, kuma da wuya mako ya wuce ban ga labarin wani ɗan ƙwallo da aka saya fam miliyan kaza ba. Yaranmu ma suna gani, a waya suke karantawa su zo su ba mu labari da zumuɗi. Abin da ban taɓa ganin kun taɓo ba shi ne takardar farko, wadda ake miƙa wa uba a bakin fili ko a ƙofar gidansa tun yaro yana ɗan shekara 13 ko 14. Ita ta sa na rubuto muku, domin yau wata biyar ke nan ta hana gidanmu kwanciyar hankali.

Yaron ɗan yayana ne marigayi, a hannuna yake tun yana aji uku na firamare. Ni sana'ata sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada a nan Jos, abin da nake samu na ci ne da kuɗin makaranta, babu rarar sayen takalmin ƙwallo. Wani koci mai akadami ya gan shi a gasar unguwanni, ya biyo shi har gida. Gaskiya ɗaya ce, kuma sai na faɗe ta kafin in kai ƙarar kowa: mutumin nan ya yi wa yaron abin da ni ban iya ba. Shi ya saya masa takalmi da riga, shi yake biyan kuɗin mota idan za su wasa Bauchi ko Kaduna, kuma ranar da yaron ya gurɗe a idon sawu shi ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ni ina kasuwa ban ma sani ba. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Bayan kamar shekara ɗaya sai ya zo da takarda mai shafi huɗu, da Turancin lauyoyi. Na yi sakandare, amma wannan ya fi ƙarfina. Na tambaye shi me ke ciki, ya ce, "Baba, ba komai ba ne, rajista ce kawai don a san yaronmu ne." Na dubi alherinsa, na ji kunyar in ce sai na nuna wa wani. Na sa hannu, mahaifiyar yaron ta dangwala yatsa. Ko kwafi ba a bar mana ba. Daga baya ya yi wa yaron fasfo da kuɗinsa, ya ce zai ajiye a wurinsa kada ya ɓata.

Bana yaron ya cika 16. Wata makarantar ƙwallo a wani gari, mai ɗakin kwana da azuzuwan karatu, ta ga wasansa ta ce tana son sa. Abin da ya fi jan hankalina karatun ne, domin tun da atisaye ya koma safe da yamma sakamakon jarabawarsa ya faɗi ƙasa. Sai suka ce mu kawo takardar sallama daga inda yake. Nan aka fito mini da abin da na sa wa hannu. Ashe shekara goma na ba da. Yaron ba zai buga wa kowa ba sai da izinin akadami a rubuce. Duk kuɗin da aka samu a kansa rabi nasu ne, har da kaso daga albashinsa idan ya fara ɗauka. Idan kuma muka janye shi, za mu biya duk abin da aka kashe masa, kuma su ne za su faɗi adadin. Da na yi magana, amsar da na samu ita ce, "Baba, ai kai ka sa hannu." Fasfon ma ya ce ba zai fito ba sai an daidaita.

Malam Edita, ban san akwai doka a kan wannan harka ba sai da ɗan maƙwabcina da ya karanci lauya ya zauna da ni dare biyu yana fassara mini. Abin da na ji ya ɗaure mini kai, don da na san shi tun farko da ba mu kai nan ba, kuma na tabbata iyaye da yawa suna cikin duhun da nake ciki.

A dokar FIFA, ɗan wasan da bai kai 18 ba ba a ɗaure shi da kwantiragin ƙwararre da ya wuce shekara uku, kuma duk abin da ya haura haka ba a san da shi ba. Babban mutum ma iyakarsa shekara biyar. To ina aka samo goma a kan yaron da ko albashi ba ya ɗauka? Haka nan dokar ta hana a kai yaro wata ƙasa ya koma kulob kafin ya cika 18, sai a 'yan wasu halaye, kamar iyayensa su ƙaura don wani dalili da ba na ƙwallo ba. Ba wasa ake da wannan ba. A kanta aka hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014, aka hukunta Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, aka hukunta Chelsea a 2019. Ɗan garinmu Ahmed Musa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, da kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya ɗauke shi a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin a ba shi damar bugawa. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, duniya duk ta gan shi, amma bai shiga Wolfsburg ta Jamus ba sai Janairun 2017 da shekarunsa suka kai. Saboda haka duk dillalin da ya zo ya ce wa uba ya sayar da fili ko saniya zai kai masa ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu a kulob, cinikin biri a sama yake masa. Kai yaro gwaji a kulob na waje ma yana da ƙa'ida: sai da izinin iyaye a rubuce, kuma an haramta karɓar kuɗi a kan sa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɓangaren da ya shafi kocin kansa, domin a nan na gane cewa tsoro ne ya rubuta takardar nan, ba mugunta zalla ba. Tsoronsa shi ne ya raini yaro shekara huɗu, rana ɗaya wani mai babbar mota ya zo ya ɗauke shi, a bar shi da tsofaffin ƙwallaye. Kuma hakan na faruwa. Amma dokar ta riga ta tanadar masa haƙƙinsa ba tare da ya riƙe fasfon kowa ba. Akwai diyyar horarwa: ranar da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a waje, sabon kulob zai biya duk waɗanda suka horar da shi tun daga shekara 12. Idan kulob ɗin Turai ne, kowace shekara daga 12 zuwa 15 ana lissafa ta Yuro 10,000, daga 16 kuma gwargwadon girman kulob ɗin, har zuwa Yuro 90,000 a shekara ga manya. Sannan duk lokacin da aka sayar da ɗan wasan daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Mun yi lissafi da ɗan maƙwabcina a bayan takardar siminti: idan aka sayar da yaro fam miliyan 10, wanda ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 yana da fam 100,000. Ba roƙa zai yi ba, haƙƙinsa ne. Tun 2022 FIFA ta kafa ofishi na musamman da kuɗin nan ke bi ta cikinsa don kada a danne na ƙanana.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan gizo ke saƙar. Kuɗin yana zuwa ne ga kulob ɗin da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarsa, wanda kuma ya yi wa yaron rajista da sunansa a shekarun da ya riƙe shi. Wanda bai yi ba, a idon doka bare ne, kuma tun watan Mayun 2015 aka haramta wa bare mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa. Da na tambayi kocinmu ko yaron yana cikin kundin hukuma, sai ya kawar da maganar. Wato ya bar hanyar da za ta kawo masa kuɗin halal da yawa, ya kama takardar da ba ta da ƙarfi sai a kan talakan da bai san doka ba.

Ba zan ɗora laifin duka a kan masu akadami ba, domin mu iyaye muna da namu, kuma ba ƙarami ba ne. Na ga uban da ya karɓi kuɗi a ɓoye daga dillalai biyu a kan ɗa ɗaya. Na ga wanda ya sauya wa ɗansa akadami uku cikin shekara biyu, duk wanda ya ba shi na cefane shi ne mai yaro. Akwai masu zuwa da kansu a rage wa ɗansu shekaru a takarda, alhali yanzu na'urar asibiti ake sa wa wuyan hannun yara don gane shekarunsu kafin gasar 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yaranmu daga sansani a kan haka. Idan koci ya ga irin wannan sau biyu sau uku, me zai hana shi neman igiyar ɗaure na huɗu? Shi yana jin ya zuba jari, uba yana jin shi ya haifa, kowa yana lissafin miliyoyin da ba a gani ba tukuna. Yaron kuwa ba wanda ya tambaye shi. Namu wata biyar ke nan bai buga wasan gasa ba. Can ba sa sa shi saboda ana fushi da ni, nan ba za su karɓe shi ba sai da sallama. Rannan da dare ya same ni ya ce, "Baffa, ko in haƙura da ƙwallon ne kawai?" Ban sami abin ce masa ba.

Mu mutanen Jos bai kamata a ba mu labarin illar rikicin takarda ba. John Mikel Obi a nan ya taso. A 2005 yana Lyn ta ƙasar Norway, Manchester United ta ce ya sa mata hannu, Chelsea ta ce nata ne. Aka shafe fiye da shekara ana ja, yaro ɗan 18 a tsakiya, har sai da Chelsea ta biya fam miliyan 12 ga United da miliyan 4 ga Lyn a 2006. Daga baya kotun Norway ta sami wani shugaban Lyn da laifin jabun takarda a kan kwantiragin yaron. Shi Allah ya taimake shi, manyan kulob ne ke rububinsa, akwai mai biya a kashe wutar. Ɗan mai kayan gwari wa zai biya masa?

Kuma ana iya yin abin da tsari. Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Accra, unguwar da Hausa ke yawo a titi kamar a nan. Makarantar Right to Dream ta ɗauke shi yana yaro, ta haɗa masa boko da ƙwallo, ya wuce Nordsjaelland ta Denmak a 2018, sai Ajax a 2020, sai West Ham a 2023. Kowane mataki a rubuce yake a inda hukuma ke gani, shi ya sa waɗanda suka raine shi ba su da buƙatar ɓoye fasfonsa a aljihun tebur.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata a fassara wa iyaye waɗannan dokoki da Hausa, a kawo lauya ya amsa tambayoyi. Ku aika wakilinku ya zaga filayen Jos da Kano da Kaduna ya tambayi masu akadami su nawa ke da rajista, su nawa kuma ke ba iyaye kwafin abin da suka sa wa hannu. Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, da hukumomin ƙwallo na jihohi kuma, ina roƙon su fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya ta yara, gajeruwa, da Turanci da Hausa da sauran harsunanmu, wadda ba za a sa mata hannu ba sai a ofishinsu a gaban shaida. Su sauƙaƙa wa ƙananan akadami yin rajista don haƙƙinsu ya tabbata. Su kuma fito fili su ce riƙe fasfon yaro laifi ne. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ta tsaya a ƙofar filin ƙwallo ba.

Ni dai ban kai maganarmu kotu ba, ba na kuma son kaiwa, don ba na so in tsaya gaban alƙali da mutumin da ya kai ɗana asibiti. Mun kai ta gaban mai unguwa, an sa mana ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Abin da zan gabatar shi ne in raka kocin da ƙafata ofishin hukumar ƙwallo ta jiha, a rubuta shekarun da yaron ya yi a hannunsa da sunan akadaminsa, ni da mahaifiyar yaron mu yi shaida, domin in Allah ya ɗaukaka yaron rabonsa ya same shi har gida. Shi kuma ya yaga takardar shekara goma, ya ba mu sallama da fasfo. Makarantar da ke son yaron ta ce za ta jira mu zuwa ƙarshen wata.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatu daga Jos, Jihar Filato