Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojin Saman Nijeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da jiragen yaƙi masu saukar ungulu da ke hannun rundunarka, waɗanda mutanen ƙauyukan Zamfara, Katsina da Borno suka fi mazauna Abuja sanin ƙararsu.

A watan Fabrairun 2024 an ƙaddamar da jiragen T129 ATAK guda biyu a sansanin Makurdi, rukunin farko na guda shida da aka saya daga Turkiyya. Kafin su akwai Mi-35M ƙirar Rasha da suka fara aiki a 2017, sannan ana jiran AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince a sayar mana a Afrilun 2022 kan kusan dala biliyan ɗaya, bayan wasu 'yan majalisarta sun riƙe cinikin a 2021 saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam. Babu mai musun cewa an yi ƙoƙari wajen saye.

Abin da ke damuna shi ne yadda za a riƙe su. Jirage iri uku daga ƙasashe uku na buƙatar kayan gyara iri uku, makamai iri uku, da makanikai da matuƙa da aka horar daban-daban. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha ya sa samun kayan gyaran jiragenta ya yi wuya. Shi kuwa T129, ko da yake Turkiyya ce ke ƙera shi, injinsa na haɗin gwiwar kamfanonin Honeywell da Rolls-Royce ne, kuma sai da izinin Amurka ake fitar da shi. Wannan izinin ne Pakistan ta rasa, har cinikin jirage 30 da ta ƙulla a 2018 ya tsaya cik. Ke nan biyu daga cikin ukun, T129 da AH-1Z, sun dogara ne da yardar Washington, kuma hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka nake roƙon rundunarka ta riƙa bayyana wa kwamitocin Majalisar Tarayya, ko da a asirce ne, adadin jiragen da za su iya tashi a kowane wata, domin adadin da aka saya ba ya ceton ƙauyen da 'yan bindiga suka kewaye cikin dare. Haka kuma kada a sake sa hannu kan wata yarjejeniya sai an haɗa da kayan gyara na shekaru da horar da injiniyoyinmu a Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna.

Jami'ai biyar sun rasu a haɗarin Mi-35M a Damasak a Janairun 2019 suna tallafa wa dakarun ƙasa. Waɗanda suka gaje su a wannan aiki sun cancanci a tabbatar da lafiyar kowane jirgi kafin a tura su fagen daga.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Gusau