A Daina Koya wa Yara Dabarar da Ta Riga Ta Mutu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a Mabera. Makon jiya wani ɗalibina ya shigo da tsohon littafi, bangonsa duk ya yage, wai a wani wuri aka ba shi ya koyi ƙera shafin intanet. Na duba, sai ga fayilolin HTC, dabarar zamanin Internet Explorer 5.5 ta ƙirƙiro sabon tag, wato alamar da ake gina sassan shafi da ita, da ɗora masa hali, wato aikin da zai riƙa yi. Haba! Microsoft da kansa ya yi wa wannan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ritaya a 2022. Yaron ya kwana uku yana fama, shafi ko motsi.

Yau da yaren kwamfuta na JavaScript ake yi, ta umarnin customElements.define. Sai dai dole sunan tag ɗin ya ɗauki karan ɗori a tsakiya. Muka gwada da shafin wani mai sayar da jar fata, muka raɗa wa namu suna farashin-fata.

Abin da ya fi damuna shi ne lodi. Sabis ɗinmu da rana sai a hankali, kuma kafin rubutun JavaScript ɗin ya sauko burauza ba ta san me tag ɗin yake yi ba. Shi ya sa nake ce wa yara su rubuta farashin a cikinsa tun farko, mai saye ya gani ko da sauran bai iso ba. Da ya iso, burauza ta ɗora halin da kanta.

Malaman cibiyoyi, don Allah ku sake littattafan nan.

Naku,
Wani mai koyar da kwamfuta,
Mabera, Sakkwato