Bayan Dashen Ƙoda, Magani Ne Ke Cinye Mu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka.

Shekara biyu ina kwana kan injin wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu kowane zama, kafin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta ce, “Yaya, a ɗauki tawa.” Aka yi mana gwajin jini, muka dace. Yau tana lafiya lau da ƙoda ɗaya, har ta koma koyarwa. Allah Ya saka mata da alheri.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dashe ba ƙarshen wahala ba ne. Magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, irin su tacrolimus, har abada ake sha, safe da yamma. In aka daina, ƙodar na iya mutuwa. Ni kam na sayar da gonar gado saboda su.

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wato muna da ƙwararru a gida. Ina kira ga gwamnati da ta sanya waɗannan magunguna cikin inshorar lafiya ta ƙasa, ta kuma sauƙaƙa kuɗin duba lafiyar masu ba da ƙodar.

Wani mai karatu,
Daga Kano