A Riƙa Tsara Lokacin Haihuwar Tumaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu kiwon tumaki a ƙasar Daura da Katsina kan ɗabi'ar barin rago cikin garke shekara guda cur, yana barbara duk lokacin da ya ga dama.

Tumakinmu, Uda da Balami da Yankasa, suna ɗaukar ciki a kowane lokaci na shekara, kuma cikin tunkiya wata 5 ne. Saboda haka wadda aka barbara a watan Nuwamba ko Disamba za ta haihu a Afrilu ko Mayu, tsakiyar bazara, sa'ad da daji ya ƙone, harawa ta yi tsada, ita kanta uwar ta rame har nononta bai isar ɗanta. Irin wannan ɗan, ko ya rayu, a tsumbure yake tasowa, kuma ba ya yin naman da zai mayar da kuɗin dusar da ya ci. Haihuwar watan Agusta ma tana da nata haɗarin, domin danshi da tsutsar ciki da gudawa suna yi wa ƙanana ɓarna.

A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure rago a turkensa, a sake shi cikin tumaki a watan Yuni ko Yuli bayan ciyawa ta fito. Tunkiya za ta yi goyon ciki tana cin ɗanyar ciyawa, ta haihu da kaka ko farkon hunturu, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka cika rumfuna. Sai dai dole a kare 'ya'yan daga iskar hunturu, musamman da dare.

Mai niyyar kai rago kasuwar Mai'adua ko Charanchi don layya ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya sai rago ya cika shekara, kuma Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Tunda a shekarun nan tana faɗowa a Mayu ko Yuni, ɗan kaka sai Sallah ta biyu zai shiga kasuwa.

Ina kira ga malaman gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Katsina, da likitocin dabbobi su kai wannan bayani ƙauyuka, musamman ga mata, domin yawancin tumakin gida a hannunsu suke.

Wassalam,
Wani makiyayi daga Daura